Kafin Ka Buɗe Shago, Ka San Wa Zai Tsaya Maka



In ka zauna gindin bishiya bayan lakca ka saurari hirar 'yan ajinmu, za ka ji kusan magana ɗaya ce: bayan difuloma sai me? Wasu za su yi shekarar koyon aiki su dawo HND. Wasu suna jiran wani kawu da ke ma'aikata ya yi musu hanya. Amma da yawa daga cikinmu, musamman mu 'yan sashen kwamfuta da na lantarki, mun riga mun san inda za mu nufa: ɗan shago a bakin titi, teburin gyaran waya, firinta da injin fotokwafi, na'urar POS a gefe. Ni ma ina cikinsu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sana'a ce, kuma tana ciyar da gidaje.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, akwai darasi ɗaya da ba a koya mana a aji, kuma shi ne ke kashe yawancin shagunan nan. A ganina ba rashin iya aiki ke durƙusar da ƙananan masu sana'ar waya da kwamfuta a garuruwanmu ba. Abin da ke durƙusar da su shi ne kowa yana fuskantar dila shi kaɗai, kowa yana shan asararsa shi kaɗai, kuma kowa yana ɓoye wa maƙwabcinsa abin da ya sani.

Bari in faɗa muku inda na ga haka da idona.

Ni ɗan Kurfi ne. Da lokacin SIWES ya zo bayan shekararmu ta farko, sai na nemi wuri a Dutsin-Ma, a shagon wani mai gyaran waya da kwamfuta da kowa ke kira Oga. Dutsin-Ma gari ne da sana'ar nan ke da kasuwa, domin ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga ma'aikata, ga mutanen ƙauyuka da ke shigowa ranar kasuwa da wayoyinsu a aljihu. Oga kuwa gwani ne. Na ga ya ɗaga ƙaramin IC daga jikin allon waya ya mayar da wani, hannunsa ko rawa bai yi ba.

Wata rana ya yi odar sikirin goma daga wurin wani dila a Kano. Ya tura kuɗi ta waya, aka ba direba kayan, muka karɓa a tasha da yamma. Muna gwadawa, huɗu suka ƙi: biyu ba sa kawo haske sam, ɗaya tacinsa ba ya ji a gefe guda, ɗaya kuma wani layi ne kore ya ratsa shi. Oga ya kira dila. Dila ya ce shi lafiya lau ya ba da kaya, ko direba ne ya danne su, ko kuma mu muka ɓata wajen sawa. Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe ya daina ɗaga waya.

A cikin masu jiran sikirin ɗin akwai wani dattijo ɗan garinmu mai sayar da hatsi, wanda duk lambobin mutanen da yake bi bashi suna cikin wayarsa. Sau biyu yana biyan kuɗin mota daga Kurfi. A zuwa na biyu ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ba za ku iya ba ku ba ni abata in kai Katsina." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi ba daga gare mu ba ne." Ya ce, "To daga wa ne? Ni ku na sani." Gaskiyarsa. Shi bai san wani dila ba. Mu ya ba amana.

Abin da ya fi ba ni haushi ya zo bayan kwana biyu. Oga yana ba wani mai shago a layinmu labari, sai mutumin ya yi dariya ya ce, "Au, wane? Ai ni ma ya yi mini haka tun bara." Na ce a raina, to me ya hana ka faɗa? Shagonsa da namu ko taku hamsin babu. Ya ga ramin, ya faɗa, ya fito, ya yi shiru yana kallo har maƙwabcinsa ya faɗa.

Domin a fahimci dalilin da ya sa ƙaramin mai gyara ba shi da ƙarfi, sai an dubi hanyar da kayan ke biyowa. Yawancin sikirin da batir da caja da muke sawa a China ake yin su, kuma kasuwannin birnin Shenzhen ne babbar matattararsu. Daga can manyan 'yan kasuwa ke shigo da su, da yawa ta Legas, inda kasuwar Computer Village take a Ikeja. Daga nan su iso Kano, kasuwar Farm Centre da titin Beirut. Daga Kano mota ta ɗauko su ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya har Dutsin-Ma. Mai teburi a Kurfi kuwa sau da yawa a Dutsin-Ma ko Katsina yake saye. Kowane hannu yana ɗora ribarsa, kuma kowane hannu yana tura asara zuwa na ƙasa da shi. Wanda ke ƙarshen layi, wanda ke kallon kwastoma ido da ido, shi ne ba shi da wanda zai tura wa.

Sannan kayan kansu hawa-hawa ne. Waya ɗaya tana iya samun sikirin iri uku ko huɗu a kasuwa: na kamfani, wanda aka ciro daga tsohuwar waya, kwafi mai kyau, da kwafin da ko wata uku ba zai yi ba. A ido kusan duk ɗaya suke. Mai saye guda biyu ko uku, daga nesa, ta waya, ba shi da yadda zai yi ya tantance, kuma ba shi da bakin da zai yi barazanar sauya dila. In ya tafi, me dila ya rasa?

Kada a ce na ɗora wa diloli laifi duka. Su ma suna da nasu kukan, kuma na ji shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Mutumin da ya sayar da kaya yau, gobe kuɗin ba za su sayo masa irinsu ba, dole hannunsa ya yi tauri. Ga kuma halin wasu daga cikinmu: mutum ya karɓi kaya bashi ya ɓace, ko ya fasa sikirin da kansa wajen sawa sannan ya mayar ya rantse haka ya zo. Shi ya sa diloli ke buga hatiminsu a bayan kaya, suke cewa in ka ɓare ledar fuska ko ka sa gam, to ya zama naka. A ranar Babbar Sallah ta 2025 kuma gobara ta tashi a Farm Centre ta cinye shaguna da dama. Wanda ya yi irin wannan asara ba maƙiyinmu ba ne. Matsalar ita ce babu yarda tsakani, kuma babu wani abu a rubuce da zai tsaya a madadin yardar.

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Amma an gina ta ne domin wanda ya saya ya yi amfani, ba wanda ya saro ya sayar ba. Ma'ana, dattijon nan mai hatsi yana da hujja a kanmu fiye da yadda mu muke da ita a kan dila. Kuma ko da hujjar, wa zai bar shagonsa a Dutsin-Ma ya tafi shari'a Kano a kan sikirin huɗu? Kuɗin mota kaɗai sun cinye abin da ake nema.

Abin mamaki, idan masifa ta zo gaba ɗaya mun iya taimakon juna. Ku tuna watan Satumban 2021, lokacin gwamna Aminu Bello Masari, da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi duk suna ciki, kuma sai a watan Disamba aka fara maido da shi. Lokacin ina gama sakandare, ina zama a rumfar cajin wayar wani yayana. Mai sayar da data ya zauna, mai POS ya zauna, mai kafe ya zauna. Amma na ga mutum ɗaya yana tattara saƙonnin mutum biyar, ya shiga mota ya je inda ake samun sabis, ya yi wa kowa turansifa, ya yi wa kowa odar kaya, ya dawo. Haka aka sake yi a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira: mai POS da ya samu tsabar kuɗi yakan ranta wa ɗan uwansa ya rufe ranar. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, na ga shaguna uku suna jan waya daga janareta ɗaya suna raba kuɗin fetur.

Wato halin yana nan a jikinmu. Sai dai da zarar wuya ta wuce, kowa ya koma shagonsa ya ja ƙofa. Tambayata ita ce, me ya sa sai gobara ta tashi muke tuna cewa muna da maƙwabta?

Kuma fa wannan ba sabon ilimi ba ne da za a ce sai mun aro daga Turawa. Kakanninmu fatake sun yi cinikin goro har Gwanja, tafiyar watanni, babu banki babu waya. Abin da ya riƙe cinikin shi ne tsarin maigida: baƙon ɗan kasuwa ya sauka a gidan wani, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in aka ba da bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, saboda masu gida da dillalai sun san halin kowane mai saye, kuma wanda ya ci amanar ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar sauran. A gida kuma kowace sana'a tana da shugabanta: Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aski. Iyayenmu mata suna adashe har gobe. Mu ne 'yan boko masu sana'ar zamani muka zo muka ɗauka cewa kowa tasa ta fisshe shi ita ce wayewa.

To me nake so a yi? Abubuwa ne da ba sa buƙatar gwamnati, ba sa buƙatar miliyoyi.

Na farko, littafin diloli. Masu gyara na Dutsin-Ma da Kurfi su riƙa rubuta abin da suka saya, daga wurin wa, nawa ne suka zo da matsala, kuma an canza ko ba a canza ba. Ba zagi ba, ba jita-jita ba: kwanan wata, irin kaya, hoton risiti. A rubuta mai kirki kamar yadda za a rubuta mai cuta. Cikin wata shida kowa zai san inda zai kai kuɗinsa. Mu da muka koyi tsara rumbun bayanai a aji, wannan ai aikin yamma ɗaya ne.

Na biyu, saye tare. Mutum goma da kowa ke sayen sikirin uku, in sun haɗa sun zama mai sayen talatin. Mai sayen talatin ana ɗaga wayarsa. Ana rage masa farashi, kuɗin mota ya zama ɗaya, kuma ana iya tura mutum guda ya je Kano ya gwada kayan a gaban mai su kafin a naɗe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu kullum da hannu ɗaya muke zuwa kasuwa.

Na uku, sharaɗi a rubuce. Kafin a tura kuɗi a amince: wane hawa ne kayan, kwana nawa ne na gwaji, wa ke ɗaukar asara in ya fashe a mota. Ko saƙon WhatsApp ne, in dai an rubuta an amsa, ya fi "kar ka damu, ai mun saba". Wasu suna ganin neman rubutu rashin yarda ne. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A littattafan fiƙihun da muka karanta a makarantar Islamiyya ma akwai babin mayar da kaya in an sami aibin da ba a bayyana ba. Mu kuma a namu ɓangaren, a gwada kaya kafin a ɓare leda ko a sa gam, a ɗauki bidiyon buɗe kwali, kuma wanda ya karɓi bashi ya biya a kan lokaci. Ƙungiyar da ke tilasta wa 'ya'yanta biyan dila ita ce dila zai ji maganarta.

Na huɗu, kayan aiki na tarayya da asusun ko-ta-kwana. Madubin ƙara girma na aikin allon waya, injin raba gilashi da sikirin, na'urorin filashin masu lasisi, ba kowa ke iya sayensu ba, kuma ba kullum ake buƙatarsu ba. A saya tare, a ajiye wuri ɗaya, mai amfani ya biya ɗan wani abu. A kuma riƙa zuba kuɗi kaɗan duk mako, domin ranar da ɓarawo ya fasa shagon wani ko wuta ta ƙona masa firinta.

Na biyar, kuma shi ne ya fi mana wuya: mu gyara namu halin. Ba zai yiwu mu yi kukan dila ya sayar mana da kwafi a matsayin na kamfani ba, mu kuma mu juya mu yi wa kwastoma haka. A faɗa wa mutum gaskiya: ga mai tsada, ga mai araha, ga bambancinsu, ya zaɓa. Sannan maganar sirri. Wayar mutum ɗakinsa ce. Duk mun ji labarin yaran shago da ke buɗe hotunan mutane, musamman na mata. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, amma tun kafin doka ai haramun ne kuma rashin mutunci ne. Ƙungiyar da ba za ta iya korar mai wannan hali ba, ba ta da amfani. A nan ina kira ga 'yan uwanmu mata na sashenmu: mata da yawa sun fi son su ba mace wayarsu. Kasuwa ce a buɗe da kusan babu kowa a cikinta.

Na san abin da wasu za su ce, domin Oga da kansa ya faɗa mini. Ya ce, "Kai yaro ne. Ƙungiya a ƙasar nan ta shugabanni ce. A tara kuɗi, a yi kalanda, lokacin zaɓe a kai wa ɗan siyasa ziyara, shi ke nan." Ban ce ƙarya yake ba. Akwai kuma haɗarin ƙungiya ta koma ta ƙayyade farashi da hana sababbi shigowa, abin da zai cuci kwastoma, ya cuce mu da ke shirin fitowa, kuma dokar 2018 ɗin nan ta hana haɗa baki a kan farashi. Amma maganin muguwar ƙungiya ba zama babu ƙungiya ba ne. A fara da kaɗan, mutum bakwai ko goma da suka san juna. Kuɗi su zauna a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata, shugabanci ya riƙa zagayawa. Kowa ya sa farashin aikinsa yadda ya ga dama. In tafiya ta miƙa, a yi rajistar ƙungiyar gama kai.

Wasu kuma za su ce, "In na nuna masa dilana, ai zai ƙwace mini kwastoma." Ɗan uwa, kwastoma ba don sunan dilanka yake zuwa wurinka ba. Yana zuwa ne don aikinka ya yi kyau kuma ba ka yi masa ƙarya ba. Duk ranar da wani mai gyara a garin ya sa wa mutum sikirin banza, ba sunansa kaɗai ya ɓaci ba. Mutumin zai ce masu gyaran Dutsin-Ma ba su iya ba, ya ɗauki wayarsa ya yi Katsina ko Kano. Asarar ta kowa ce.

Saura mu da ke cikin makaranta. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin sassanmu abu uku. A gayyato tsofaffin ɗalibai masu shaguna, da dila ko ɗaya, su zo su yi mana bayanin yadda ake saro kaya, yadda ake gane kwafi, yadda ake rubuta risiti da garanti, da yadda ake rajistar sunan kasuwanci a CAC, tunda a 2024 an wajabta wa masu POS yin ta. A tattara abin da kowa ya gani a wurin SIWES, maimakon ya mutu a cikin littafin da malami zai sa wa hannu a ajiye. Sannan 'yan ajin ƙarshe da suka fito daga yanki ɗaya su san juna tun yanzu. Mu 'yan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Charanci da ke nan, in ba mu haɗa kai muna aji ɗaya ba, ba ranar da muka zama kishiyoyi a layi ɗaya za mu haɗa ba.

Game da dattijon nan, a ƙarshe Oga ya aike ni wurin mutumin da ya yi mana dariya, ya ranto sikirin ɗaya daga nasa. Na sa, na gwada, na kai masa wayar har rumfarsa a Kurfi ranar Juma'a. Ya kunna, ya ga lambobinsa suna nan, ya sa mini albarka. Sikirin da ya fitar da mu kunya yana shagon da ke taku hamsin da namu tun ranar farko. Babu wanda ya tambaya, babu wanda ya yi tayi.

Ni dai in Allah ya sa na gama lafiya, shagona a Kurfi zan buɗe, kuma kafin in sayi teburi zan zagaya in gaisa da duk wanda ya riga ni. Wanda ke da irin wannan niyya ya neme ni a sashe kafin mu watse.

Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya sa albarka a abin da muka koya, ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu. Amin.